Jama'ar Bwari, Mu Tashi Tun Tashar Jirgin Tana Kan Takarda

Iyayenmu sarakuna da hakimai, malamai da fastoci, 'yan kasuwa da manoma, mata da matasan Bwari, akwai wani layi da aka ja a taswirar sufurin Abuja wanda ya ratsa ta garinmu, kuma mafi yawanmu ba mu taɓa ganinsa ba. Tsarin jirgin ƙasa na cikin birnin tarayya an kasa shi gida shida, tsawonsa duka kimanin kilomita 290. Kaso na biyar zai tashi daga Kubwa, ya bi ta Bwari, ya dire a Suleja. Na shida kuma zai tashi daga filin jirgin sama, ya bi ta Kuje da Gwagwalada har Dobi. Zuwa yau ba a shimfiɗa mana ko ƙarfe ɗaya ba, kuma dalilin kiran nan ke nan. Tashar da ke kan takarda da fensir ake matsar da ita. Wadda aka zuba wa kankare kuwa, sai dai jikoki su gaje ta a inda take, ko ta yi musu ko ba ta yi musu ba.

Na ji masu cewa, "Wane jirgi kuma? Mu da muke roƙon a cike mana ramukan titi?" Ba su yi laifi ba, an sha yi mana alkawari. Amma a tuna, haka aka riƙa faɗa game da layin Abuja zuwa Kaduna, sai ga shi ranar 26 ga Yulin 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shi, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa. Haka aka faɗa game da jirgin cikin birni, wanda aka ba kamfanin CCECC na China kwangilarsa tun 2007 amma bai ɗauki fasinja ba sai 2018. Aikin jirgin ƙasa a ƙasar nan nawa gare shi, sai dai in ya tashi zuwa ba ya sallama. Ranar da muka ga katafila ta sauka a bakin gari, to maganar inda tasha za ta zauna an gama ta shekaru da suka wuce, a wani ofis mai sanyi, a hannun mutanen da wataƙila ba su taɓa kwana a Bwari ba.

Ba sai mun yi nisa wajen neman darasi ba. Ranar 12 ga Yulin 2018 aka buɗe jirgin cikin birnin Abuja da kiɗa da jawabai. An kashe sama da dala miliyan 800, kaso mai tsoka bashi ne daga bankin Exim na China, bashin da ake biya da kuɗin ni da ku. An gina tashoshi 12. Nawa aka buɗe wa fasinja? Uku: ta Metro da ke tsakiyar birni, ta Idu, da ta filin jirgin sama. Sauran, irin su Gwagwa da Dei-Dei da Kagini da Gbazango, wato daidai unguwannin da ƙaramin ma'aikaci ke kwana, sun zama kyawawan gine-gine a tsaye cikin ciyawa, da yawansu ba titin da zai kai mutum ƙofarsu. Kana hango tasha daga bayan gidanka, ba ka da hanyar zuwa, ba kuma jirgin da zai tsaya maka. Da annobar korona ta zo a 2020 aka tsayar da zirga-zirgar ɗungurungum, ɓarayi suka samu sarari suka yi ta kwasar wayoyi da kayan aiki. Sai da aka sake zuba wasu kuɗin aka gyara ɓarnar, aka yi titunan shiga tashoshin da wuraren ajiye motoci, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da jirgin ranar 29 ga Mayun 2024, zamanin minista Nyesom Wike. Yaron da aka haifa a Kagini ranar bikin farko ya isa shiga firamare kafin uwarsa ta samu hanyar da za ta bi zuwa tashar unguwarsu.

Kada a ɗauka mugunta ce ta jawo haka. Injiniya yana da nasa lissafin, kuma ya kamata mu fahimce shi in muna so mu yi jayayya da shi. Jirgin ƙasa ba ya hawan tudu yadda mota ke yi, ba ya shan kwana mai tsanani. Ƙafar ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare ta, dole layi ya bi inda ƙasa ta kwanta, dandamalin da fasinja ke hawa kuma yana son fili miƙaƙƙe, shimfiɗaɗɗe. Duk wanda ya san hanyar Dutsen Alhaji zuwa Bwari, da duwatsun Ushafa da gangaren da ke kewaye da dam ɗin Usuma, ya san irin wannan fili ba ko'ina ake samunsa ba. Ga kuma lissafin diyya: kowane gida da layi ya taɓa kuɗi ne, kowane shago kuɗi ne. Abin da ya fi wa mai zane sauƙi shi ne ya kewaye gari, ya ajiye tasha can inda ba kowa sai gonar dawa. A takardarsa ya yi tattali. Amma kuɗin da ya tsimin bai ɓace ba, kan fasinja ya koma, wanda zai riƙa biyan ɗan acaba safe da yamma muddin yana hawa jirgin. A tambayi masu sauka a Idu daga Kaduna. Kuɗin motar da za ta shigo da kai gari wani lokacin yakan kama ƙafar kuɗin tikitin kansa. Shi ya sa da yawa suka gwammace su sauka a Kubwa, inda tasha ta fi kusa da mutane.

Ba mu kaɗai wannan ya taɓa samu ba. A Kenya, da aka buɗe sabon layin Mombasa zuwa Nairobi a 2017, manyan tashoshinsa biyu duk a bayan gari suka zauna, ɗaya a Miritini, ɗaya a Syokimau, sai fasinja ya sake wata tafiyar kafin ya ga gari. A nan maƙwabta Nijar kuma, an yi bikin buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai a 2014, aka shimfiɗa layi kimanin kilomita 140 zuwa Dosso, amma jirgin fasinjan da aka yi wa jama'a alkawari bai zama abin hawan yau da gobe ba. Can an samu jirgi ba kusanci, nan an samu tasha ba jirgi. Duka biyun suna iya samunmu in muka naɗe hannu.

Kakanninmu kuwa sun nuna cewa jama'a na iya juya akalar layin dogo. Lokacin da jirgi ya isa Kano a 1911, Turawa auduga suka sa wa rai, don masaƙun Ingila. Manoman Kano da fatakenta suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba kuma ana iya ci in kasuwa ta faɗi, sai ga taragai sun cika da gyaɗa. Abin da ya ba su wannan dama shi ne tashar tana inda ƙafa da jaki ke kaiwa, daf da Fagge da kantuna da wurin da Sabon Gari ya kafu. Kafanchan ƙaramin wuri ne kafin ya zama mahaɗar layuka a 1927, tasha ce ta mai da shi gari. Funtuwa da Gusau da Nguru duk sun ci wannan moriyar. A duk waɗannan wurare kasuwa da tasha kafaɗa da kafaɗa suka tashi.

To mu me muke nema da jirgi? Wanda bai sani ba ya fito tashar mota da asuba. Kafin a idar da salla an fara layi. Masinja ne da jakarsa a hammata, malamar asibiti da fararen kaya a cikin leda don kada ƙura ta ɓata, birkila da cebur ɗinsa, ɗan sanda, mai gadi, ɗalibi. Ƙaramar mota ta tsaya, mutum goma suka yi mata caa, shida suka samu shiga, huɗu a baya biyu a gaba, wanda ke tsakiya cinyarsa a kan giya. A Dutsen Alhaji a sauka a sake wata kokawar, sannan a faɗa cunkoson babban titin Kubwa. Tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 a 'yan kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Akwai magidanta a garin nan da suka koma kwana a ofis ko a masallacin kusa da wurin aiki, sai ƙarshen mako su ga 'ya'yansu. Waɗannan su ne masu jirgin, su ya kamata a fara tambaya.

Kuma ba roƙo muka zo yi ba. Ruwan da ake sha a Maitama da Asokoro daga dam ɗin Usuma yake fitowa, a ƙasar ƙaramar hukumarmu. Hedikwatar hukumar JAMB a Bwari take, duk ɗan Najeriya mai neman shiga jami'a sunansa sai ya ratso ta nan. Hedikwatar Makarantar Horon Lauyoyi ta Najeriya a nan take, ga Jami'ar Veritas. Tukwanen Ushafa har shugaban Amurka Bill Clinton sun jawo a shekarar 2000. Garin da ke ɗauke da wannan nauyi yana da bakin magana a kan inda za a ajiye masa tasha.

Magana ta farko, wadda in an rasa ta an rasa komai, ita ce wurin. Ma'auninmu mai sauƙi ne: tsohuwa ta iya tashi daga kasuwar Bwari da ƙafa ta isa tasha ba tare da ta zauna hutawa ba. Masu tsara birane a duniya sukan ɗauki tafiyar minti goma zuwa sha biyar a matsayin iyakar abin da mutum zai yarda ya taka zuwa tasha, in ta wuce haka sai ya nemi abin hawa, in kuwa zai nemi abin hawa to gara masa ya zarce da shi har inda za shi. In injiniyoyi suka ce duwatsu sun hana, to su zo su nuna mana a taswira, su kawo wuri biyu ko uku a zaɓa, su faɗi abin da kowanne zai ci. Mu ma muna da abin da za mu nuna musu wanda na'urarsu ba ta gani: inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, rafin da ke cika ya raba unguwa da unguwa, hanyar da shanu ke bi, inda maƙabarta take, inda wurin ibadar gargajiya yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kuma ta tabbata dole tasha ta fita bayan gari, sharaɗinmu shi ne titin shiga, da fitilunsa, da magudanar ruwansa, da wurin tsayawar motoci, su kasance cikin kwangila ɗaya da ginin tashar, a gama su rana ɗaya. Kada mu yarda da "kashi na biyu". Mun ga abin da kashi na biyu ya yi wa Gbazango.

Layin dogo kuma yana haɗa gari da gari, amma yana raba gari da kansa. Da zarar an shinge shi, gonar da ke hayin layi ta yi nisa, makarantar da yara ke zuwa a minti biyar ta koma zagaye. In ba a yi gadar ƙafa ko hanyar ƙarƙashi a inda mutane suka saba bi ba, za su fasa shingen, kuma wata rana jirgi zai taka wani. Mu ƙirga hanyoyinmu tun yanzu, har da na dabbobi, mu miƙa.

Sai maganar kaya, wadda na fi jin tsoron a manta, domin masu zana tasha jakar hannu suke tunawa. Jirgin Abuja na yanzu an yi shi ne da siffar mai zuwa ofis da mai kama jirgin sama. Fasinjan Bwari daban ne. Ku dubi uwarmu Bagwariya da ta fito daga Igu ko Kawu ko Shere, ƙwarya a kafaɗa yadda Gbagyi suka gada, cike da doya. Ku dubi mai buhun masara, mai kwandon tumatir, mai tukwane da aka naɗe da ciyawa. In ƙofar tasha irin mai juyawar nan ce da mutum ɗaya ke ratsawa a tsuke, in hawa dandamali sai ta matakala talatin, in ma'aikaci zai tare ta ya ce ba a shiga da kaya, to an gina tashar ne don wasu, ba don ita ba. Muna son ƙofa mai faɗi, da gangaren da baro zai hau, da tarago ko ɓangaren tarago na masu kaya, da sikeli da farashi rubutacce a bango don kada kowa ya yanka mata abin da ya ga dama. Gangaren nan da baro zai bi shi ne kuma keken gurgu zai bi. Wannan ma ba alfarma ba ce: dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika tun farkon 2024. Sabon gini ba shi da uzuri ko kaɗan.

Lokacin tashi ma abin magana ne tun yanzu, domin yawan taragai da za a saya da ko layin zai zama tilo ko tagwaye duk daga nan ake yanke su. Jirgin da zai fara tashi bayan hantsi bai san ma'aikaci ba. Wanda ke zuwa sau biyu a yini kuma ba wanda zai jingina aikinsa da shi. A tambayi mutane ƙarfe nawa suke fita, ƙarfe nawa suke dawowa, a gina jadawali a kan amsarsu.

Tikiti kuwa, mun ga yadda aka yi a layin Kaduna. Da garkuwa da mutane ta kori jama'a daga titi suka koma jirgi, 'yan cuwa-cuwa suka mamaye tikiti, har aka kawo sayarwa ta intanet a farkon 2021. Wannan ya rage wani abu, amma manomin Kuduru da ƙaramar wayarsa mai tocila fa? A bar taga ɗaya da mutum zai miƙa kuɗi a ba shi tikiti. Banɗaki mai ruwa na maza daban na mata daban, wurin alwala da salla, inuwa da benci, rijiyar burtsatse da sola don kada a dogara da wutar da ba ta zama, waɗannan ba sai an tsaya dogon bayani ba, a dai rubuta su kada a ce ba mu faɗa ba. 'Yan acaba da masu Keke Napep a yanka musu wurinsu a cikin zane. An hana acaba a tsakiyar birni tun 2006, amma a nan su ne ƙafar jama'a, in ba a ba su wuri ba za su yi wa kansu a bakin ƙofa, daga nan sai kame da rigima.

Tsaro ba abin da za a yi wa kara ba ne. Ba mu manta da daren 28 ga Maris 2022 ba, lokacin da aka dasa wa jirgin Kaduna bam, aka kashe fasinjoji, aka kwashe wasu zuwa daji, zirga-zirga ta tsaya har Disamban wannan shekara. Mu kanmu ƙauyukanmu na gefen daji sun ɗanɗana garkuwa da mutane. Wannan ma hujja ce a kan wurin: tashar da ke cikin mutane, ga masu shayi ga masu shago ga fitila, ta fi wadda ke tsakiyar dawa tsaro ko da an jibge mata 'yan sanda. Mafarautanmu da 'yan banga sun san dajin nan, a sa su cikin shawara tun farko.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato fili. A Abuja, tun dokar soja mai lamba 6 ta 1976 da ta kafa birnin, ƙasa duka tana hannun gwamnatin tarayya, minista ne ke ba da ita. Takardar da mai unguwa ko sarki ya sa wa hannu hukuma ba ta ɗauke ta shaidar mallaka ba. In aka karɓi gona, ba ƙasar ake biya ba, abin da ke kanta ake biya: amfanin gona, itatuwa, gini. Wanda ya taɓa ganin ranar ƙidayar diyya ya san yadda take. Ma'aikaci ne da allon rubutu a hannu, yana tafe yana ƙirga mangwaro da kashu, wannan babba wannan ƙarami, dattijo na biye da shi yana cewa wancan ma nawa ne, kakana ya dasa. A ƙarshe a ce ya dangwala. Bai san nawa aka rubuta ba, bai riƙe kwafi ba. Ranar biya sai a ga sunayen da ba wanda ya san su a ƙauyen. 'Yan asalin Abuja sun sha wannan tun daga tashin Wuse da Maitama har zuwa shirin sake tsugunarwa na Shere-Galuwyi da ya kwashe shekaru yana jan ƙafa. Kada a maimaita. Kowane mai gona ya auna gonarsa tun yau, ya ɗauki hoton itatuwansa, a rubuta a littafin unguwa a gaban shaidu. Ranar ƙidaya kada kowa ya dangwala sai ɗansa ko lauya ya karanta masa, ya kuma karɓi kwafi. Garin da ke yaye lauyoyi duk shekara bai kamata dattijonsa ya dangwala a makance ba.

Akwai kuma waɗanda za su riga mu jin labari. Da zarar an tsayar da wurin tasha a ofis, kafin a sanar, za ku ga baƙin motoci masu duhun gilashi suna zagaye, ana tayin fili da kuɗin da ya yi kama da alheri. Wanda ya sayar a ranar zai ciji yatsa bayan shekara biyu. Maganin wannan shi ne a bayyana taswira ga kowa a rana ɗaya, kuma a killace filin da ke kewaye da tasha don amfanin jama'a: kasuwa, tashar mota, rumfuna. Waɗanda layi ya ci gonarsu su ne farko a rabon rumfunan, domin kuɗin diyya yana ƙarewa, rumfa a bakin tasha kuwa tana ciyar da gida. Aikin ginin ma, daga leburanci har walda da tuƙi, a rubuta kason 'ya'yan gari a cikin yarjejeniya, a kuma tura matasanmu koyon aikin jirgin kansa, ba share dandamali kawai ba.

Duk wannan ba zai yiwu ba in muka je a rarrabe. Ina faɗin wannan da nauyin baki, amma dole a faɗa. A Disamban 2017 rikici ya tashi a garin nan, aka rasa rayuka, kasuwa ta ƙone, aka sa dokar hana fita. Wutar ba ta tambayi rumfar wane ƙabila ba ce. In muka bari maganar tasha ta zama ta Gbagyi da Hausawa, ko ta wannan fada da waccan, to mun ba mai zane hujjar da yake so: ya ce mutanen ba su daidaita ba, ya ajiye ta inda ya ga dama. Kwamitin da za a kafa ya haɗa fadar Esu, sarkin Gbagyi, da fadar Sarkin Bwari, Gbagyi da Hausawa da Fulani, Ibo da Yarabawan da suka yi shekaru suna kasuwanci a nan, masallaci da coci, ƙungiyar direbobi, matan kasuwa da bakinsu ba ta bakin wakili ba, da masu buƙata ta musamman. Mazaɓu goma ne a ƙaramar hukumar nan, daga Kubwa da Byazhin da Dutse da Usuma har Ushafa da Shere da Igu da Kawu da Kuduru da Bwari ta tsakiya, kowace ta kawo mutum. Kuma kada ya zama kwamitin neman kwangila. Duk wanda ya shiga ya yi alkawari a bainar jama'a cewa ba zai sayi fili a kusa da layin ba.

Ƙofofin da za a ƙwanƙwasa sanannu ne. Jirgin Kaduna na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, amma na cikin birni yana ƙarƙashin Hukumar Gudanarwar Birnin Tarayya, ta hannun sakatariyar sufuri, taswirar tsarin birnin kuma tana wajen hukumar raya birnin tarayya, FCDA. Ba mu da gwamna, ba mu da majalisar jiha. Majalisar Tarayya ce ke zartar da kasafin Abuja, a can kuwa muna da sanata ɗaya da ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Bwari da ƙaramar hukumar birnin Abuja, AMAC. Ga ciyaman da kansiloli a gida. Tun da layin zai dire a Suleja, mutanen jihar Neja abokan tafiya ne, musamman da yake gyaran tsarin mulki na Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa. Mu neme su, murya biyu ta fi ɗaya isa.

Doka ma ta ba mu makami biyu da ba mu cika ɗauka ba. Dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a yi nazari kafin babban aiki irin wannan, a kuma baje rahoton don jama'a su duba su yi ƙorafi. Akan ajiye shi kwana 21 na aiki, a sakatariyar ƙaramar hukuma da wasu ofisoshi, a sa sanarwa a jarida. Sau da yawa kundin yakan gama kwanakinsa a kan tebur ba wanda ya buɗa, daga nan a rubuta cewa jama'a ba su da ƙorafi. Namu kada ya kwana ba a karanta ba: malaman makarantunmu da ɗalibanmu su raba shi babi babi, su fassara mana. Na biyu, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takarda, ita kuma ta amsa cikin kwana bakwai. Ba sai kana da ɗan uwa a ofis ba.

Tun ran gini ran zane. Limamai su faɗa ranar Juma'a, fastoci su faɗa ranar Lahadi, sarkin kasuwa ya sa a yi shela. A kira taron farko a filin makarantar firamare, inda kowa zai iya zuwa ba tare da ya ji shi baƙo ba ne. Matasa masu waya su fita da asuba mako guda su ƙirga mutanen da ke barin gari, ina za su, nawa suke biya, don in an tambaye mu hujja mu ajiye lissafi a tebur. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, daga kansila har sanata, a tambaye shi a gaban jama'a: ka ga taswirar layin Kubwa zuwa Suleja? Ina aka sa tashar Bwari?

Wasiƙar farko kuma ta fita kafin watan nan ya ƙare, da sa hannun fadojin biyu da na mazaɓu goma, zuwa ga sakatariyar sufuri, tana neman abu uku kacal: taswirar kaso na biyar, wurin da aka yi wa tashar Bwari alama, da matsayin da aikin yake a yau. A karɓi hatimin shaidar an miƙa. In amsa ta zo, a karanta ta a tsakiyar kasuwa da Gbagyi da Hausa da Turanci. In kwana bakwai suka cika shiru, a rubuta ta biyu, a kai kwafi ofishin sanata da na ɗan majalisa, wakilanmu kuma su wuce gidan rediyo da kwafin ta farkon a hannu.